Mai sayar da sinadarai da mai gidan haya: ina doka ta tsaya idan aka haɗa ƙwaya da kayansu?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Sabon Garin Zariya: "Ina sayar da sinadarai da kayan ɗakin gwaji ga makarantu, da masu sabulu, da masu fenti. Kwanan nan wani mutum da ban sani ba ya zo neman asiton duro biyu da asid jarka goma, kuɗi a hannu, ya ce ba ya buƙatar rasit. Abokina ya ce in yi hattara, da irin waɗannan ake haɗa ƙwaya. To idan na sayar masa ya je ya yi abin da ya ga dama, ina ruwana? Sannan yayana yana da gida a bayan gari da dillali ya ba da haya, ko fuskar 'yan hayar bai sani ba. Shi ma doka za ta iya taɓa shi?"

Alhaji, abokinka ya gaya maka gaskiya. Asiton, ruwan da ake narkar da fenti da shi, ba haramtaccen kaya ba ne, asid ma haka, kuma ba wanda za a ɗaure don kawai an same su a shagonsa. Abin da doka take hukuntawa shi ne sani: ka mallaki kayan, ko ka yi dakonsu, ko ka sayar, alhali ka san za a haɗa ƙwaya da su. Sai dai alƙali ba ya buɗe zuciyar mutum ya leƙa. Yana karanto sanin ne daga yadda cinikin ya gudana. Baƙo, kaya masu yawa fiye da ƙima, kuɗi a hannu, babu suna, babu rasit: waɗannan su ne ainihin abubuwan da lauyan gwamnati zai jera a gaban kotu ya ce mai shago ya sani, ko ya runtse ido da gangan. Cinikin da ka kwatanta ya haɗa su duka.

Tushen maganar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ce da aka ƙulla a birnin Biyena a 1988 kan fataucin miyagun ƙwayoyi, kuma Najeriya na cikinta. Waɗanda suka tsara ta sun lura cewa hodar iblis da hiroyin da metamfetamin ba sa haɗuwa sai da sinadaran da masana'antu na halal ke amfani da su kullum. Ba yadda za a yi a haramta su, sai dai a bi sawunsu. Sashe na 12 na yarjejeniyar ya kasa sinadaran gida biyu. Jadawali na ɗaya ya ƙunshi waɗanda suka fi haɗari, irin su efedirin da sudo-efedirin da ake sa wa a maganin mura, da asetik anhaidirad da kamfanonin asfirin ke amfani da shi, da fotasiyam famanganet, wannan hodar mai rina ruwa shunayya da masu kiwon kaji suka sani wajen turara ɗakin ƙyanƙyasa. Jadawali na biyu kuwa, Alhaji, rabin shagonka ne: asiton, toluwin da ke cikin tina da sholisho, salfurik asid da masu cajin batir da majema ke saye, haidirokulorik asid da ake wanke tayil da shi, da sinadarin da ake kira ether. Hukumar INCB, mai sa ido kan miyagun ƙwayoyi a duniya, da ke Biyena, ita ke lura da zirga-zirgarsu tsakanin ƙasashe. Kafin a yi lodin kayan jadawali na ɗaya daga Indiya ko Sin zuwa Legas, ƙasar da za ta fitar tana aiko da sanarwa ta intanet, hukumar nan gida ta duba ko kamfanin da ya yi oda yana da izini. Idan babu, a tsayar da kayan tun kafin su hau jirgin ruwa.

Wannan ya sa masu haramtacciyar sana'ar suka fi son saye a cikin gida, daga hannun ƙananan 'yan kasuwa irinka, bayan kayan sun riga sun shigo ta halal.

A nan gida dokar da ke da haƙora ita ce dokar hukumar NDLEA. Ta fara ne a matsayin dokar soja mai lamba 48 ta 1989, yanzu tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004 a babi na N30. Sashe na 11 ya ce wanda ya shigo da hodar iblis, ko hiroyin, ko makamantansu, ko ya ƙera, ko ya sarrafa, ko ya shuka ba da izini ba, hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Wannan na mai dafa ƙwayar ne. Naka yana sashe na 20, wanda ya hukunta mallakar kayan aiki, ko wasu kayayyaki, ko sinadaran da aka lissafa a jadawali na biyu na dokar ita kanta (ba na yarjejeniyar ba), da yi musu dako, da rarraba su, matuƙar mutum ya san haɗa ƙwaya za a yi da su. Hukuncin nan ma yana kaiwa rai da rai. Lura da abu biyu. Na farko, sashen bai yanka adadi ba, bai ce lita kaza ce laifi, ƙasa da haka ba komai. Na biyu, maganar ba ta tsaya kan ruwan sinadari kaɗai ba. Tulun gilashi mai bakuna, da na'urar tace tururi, da murhun lantarki na ɗakin gwaji, da sikelin awo, da injin buga ƙwaya, duk kayan aiki ne. Ko da lauyanka ya nuna cewa sunan wani sinadari bai fito a jadawalin ba, sashe na 14 yana nan yana jira: haɗa baki, ko taimakawa, ko zugawa, ko yunƙurin aikata laifin, shekara 15 zuwa 25. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, haka dokar ta ɗauka.

Idan da sunan kamfani kake ciniki, kada ka ɗauka sunan zai kāre ka. Dokar ta ce idan laifin ya faru da zugawar darakta ko manaja ko sakatare, ko da haɗin bakinsa, ko saboda sakacinsa, shi ma ana ɗaukarsa mai laifi, kuma kotu tana iya rushe kamfanin ta ƙwace kadarorinsa. Kalmar sakaci ita ce abin tsoro ga mai shago da ya bar yaransa suna sayarwa ba tare da ya kafa musu ƙa'ida ba.

Mutane kan tambaya ko hukuncin kisa ne. An taɓa yin haka a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 20 ta 1984, har aka harbe mutum uku a watan Afrilun 1985, daga baya aka janye. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta sake amincewa da kisa a wani gyaran doka, amma bai zama doka a haka ba. Rai da rai shi ne ƙololuwa, kuma a aikace alƙalai kan yanke ƙasa da haka, musamman ga wanda ya amsa laifi da wuri. Shari'ar ba ta kotun majistare ko ta Musulunci ba ce. Babbar Kotun Tarayya kaɗai ke da hurumi, don haka mutumin Zariya Kaduna za a kai shi.

Ɓangaren izini kuma na hukumar NAFDAC ne, wadda aka kafa a 1993. Mai shigo da sinadari daga waje sai ya karɓi takardar izinin shigowa, ta shekara guda ce ana sabuntawa, sannan idan kayan sun iso tashar ruwa ya karɓi wata ta fitar da su. Kafin a ba shi, ana duba sitonsa, ana neman ya nuna ma'aikaci mai ilmin sinadarai da ke kula da kayan, idan kuma na haɗa magani ne irin efedirin, sai da ƙwararren mai haɗa magunguna mai lasisi. Wajen sabuntawa ana tambayarsa lissafin inda kayan bara suka tafi. Kai da ba ka shigo da kaya, kana saro su ne daga Legas ko Kano ko Anacha, akwai takardar rajistar dillalan sinadarai da hukumar ke bayarwa. Idan ba ka da ita, wannan shi ne abu na farko da ya kamata ka gyara, tun kafin maganar baƙon nan. Rajistar sunan kasuwanci kaɗai ba ta wadatar. Kuma ka riƙa neman kofin izinin wanda kake saro wa, ka haɗa shi da rasit da wébil, wato takardar dakon kaya, na kowane lodi. Kayan da suka zo maka da araha babu takarda, duronsu an kankare lambar kamfani, ka bar su inda ka gan su.

Yanzu ga abin da ya fi komai amfani, kuma ba ya cin kuɗi: littafin ciniki. Ka sami babban littafi mai ɗinki, ba mai ganye da ake cirewa ba, ka sa wa shafukan lamba. Kowane sinadari da ke cikin jadawalan nan ka ba shi nasa shafin. A kowane layi a rubuta kwanan wata, sunan mai saye kamar yadda yake a katin shaidarsa, lambar wayar da aka kira a gabansa ta yi ƙara, adireshin wurin aikinsa, abin da ya ce zai yi da kayan, adadi, lambar rasit, sa hannunsa, da abin da ya rage a sito. Wannan layi na ƙarshe shi jami'i zai fara dubawa. Idan littafi ya ce saura lita 120 na asiton, ya shiga sito ya auna ya tarar da 40, kai ne za ka faɗi inda 80 suka shiga. Asiton yana tashi a iska idan murfi bai rufu ba, zafin watan Afrilu a Zariya kuwa ba ya raga masa, don haka ka riƙa auna sito duk ƙarshen wata, ka rubuta abin da ya ragu ko ya zube a ranar da aka gani. Gibin da aka rubuta a kan lokaci bayani ne. Wanda aka cike da sabon biro ranar da jami'ai suka zo, tuhuma ce. Ga makaranta ko kamfani, ka nemi takardar oda mai ɗauke da hatimi, kuma manyan kuɗi su shigo ta banki daga asusun mai sayen, ba na wani can ba.

Zariya gari ne da buƙatar sinadarai ta halal take da yawa. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai a Basawa, ga cibiyar fasahar fata, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, ga asibitin koyarwa na Shika, ga sakandare ba adadi. Wannan alheri ne ga kasuwarka, amma kuma ya sa ƙaryar "aikin makaranta ne" tana da sauƙin shiga. Ma'auninka shi ne ko adadin ya dace da aikin. Ɗalibi ɗan ajin ƙarshe da ke bincike kan ganyen magani, kwalbar lita biyu da rabi ta ishe shi, sau da yawa ma rabin lita. Sakandare kwalabe kaɗan take saye a shekara, gabanin jarrabawar gwaji. Mai cajin batir jarkar lita 25 takan daɗe a wurinsa. Duro guda lita 200 ne. Wanda ke neman duro biyu ya kamata a ce yana da masana'antar da za a iya zuwa a gani, da ma'aikata, da izini. Ka tambaye shi wane mataki na tsabta yake so, ko wane ƙarfi na asid, ko me yake haɗawa. Mai fenti na gaske zai amsa kafin ka rufe baki, har ya yi maka ƙorafin wanda ya saya bara. Ɗan aike kuwa takarda zai zaro daga aljihu ya karanto sunan da kyar, ko ya fita waje ya buga waya. Sauran alamun: ba ya taya farashi, yana son a juye kayan cikin jarkokin da ba su da suna, yana son a kai masa bakin titi a Kwangila ko Ɗan Magaji a sauya mota maimakon a kai adireshi, ko kuma bayan ka ƙi sai mutum uku daban-daban su zo cikin mako guda kowa na neman kaɗan-kaɗan daga abin da ya nema. Wannan rarrabawar tsohuwar dabara ce, kuma littafi ne kaɗai ke tona ta.

Kada a ɗauka wannan labarin ƙasashen waje ne. An gano ɗakin dafa metamfetamin na farko a Najeriya a Legas a 2011. A watan Maris na 2016 NDLEA ta kama wani babba a Asaba ta jihar Delta, da 'yan ƙasar Meziko huɗu a ciki. A 2022 an sake samun wasu a wani rukunin gidajen masu hali a Lekki da kuma jihar Anambra. Metamfetamin ita ce ƙwayar da matasa ke kira ais ko ƙanƙara. Gaskiya ne waɗanda aka bayyana sun fi yawa a Kudu. A ganina abin da ya fi kusa da mai gida a Zariya wani iri ne daban: ɗakin da ake dama akuskura a zuba a kwalabe, wadda NDLEA ta ce akwai taba da wiwi a cikinta ta kuma fara kamawa a 2022; ko inda ake haɗa jabun ruwan maganin tari mai kodin tun bayan da gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayun 2018; ko inda ake sake wa taramol mai miligiram 225 kwali, alhali 50 da 100 kaɗai aka yarda da su. Ba sai an ga tukunyar gilashi tana tafasa ba. Dokar NDLEA ta ambaci sarrafawa da haɗawa da adanawa, kuma ga jabun magani akwai wata doka ta daban mai ɗaurin shekara 5 zuwa 15. Kasuwar kuwa tana nan: binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 ya sami masu shan ƙwaya miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma.

Sai maganar yayanka. Sashe na 12 na dokar NDLEA ya ce wanda ke zaune a wuri, ko yake da hannu wajen kula da shi, idan ya ƙyale ko ya sa aka yi amfani da wurin wajen ajiye ƙwaya, ko ɓoye ta, ko sarrafa ta, ko cinikinta, ɗaurinsa yana kaiwa shekara 25. Kula da wuri ya haɗa da dillali da mai gadi da wakilin da ke karɓar haya. Mai gidan da bai sani ba da gaske ba ya cikin wannan, domin ba a cewa mutum ya ƙyale abin da bai san da shi ba. Amma ɗauri daban, gida daban. Dokar ta ba da damar ƙwace fili ko gini ko mota da aka yi amfani da su wajen laifin, kuma dokar dukiyar haram ta 2022 ta ba hukumomi damar neman kotu ta ƙwace kadara ko da ba a kai ga ɗaure kowa ba. Abin da ke faruwa a aikace shi ne a rufe gidan a shafa masa jan fenti, a sami umarnin wucin gadi, sannan mai gida ya zo kotu ya nuna dalilin da zai hana a mallaka wa gwamnati. A ranar, "wallahi ban sani ba" ba ta da nauyin takarda guda. Haka ma direban da ya ɗauko duro daga Legas: dokar ta yi wa motar haya rangwame idan mai ita bai sani ba bai kuma yarda ba, amma wébil mai sunan mai kaya da wanda za a kai wa shi ne zai tabbatar da hakan.

Don haka yayanka ya kira dillalin nan a wannan makon. Ya nemi rubutacciyar yarjejeniyar haya, da kofin katin ɗan ƙasa na ɗan hayar, da hotonsa, da mai tsaya masa wanda aka sani a gari. A rubuta a ciki cewa gidan na zama ne, ba sito ba, ba masana'anta ba, ba a kuma sake ba wani haya, kuma mai gida yana da damar shiga dubawa bayan ya ba da sanarwa. Sannan ya riƙa zuwa, ko da duk wata uku ne, ya gabatar da 'yan hayar ga mai unguwa. Idan ya tarar an biya hayar shekara biyu ko uku a dunƙule, sama da farashin unguwar, ba tare da an taya ba, to banza ba ta kai zomo kasuwa.

Gidan da ake dafa ƙwaya ba ya iya ɓoye kansa ga maƙwabta. Wari ne ke fara tona shi, wani lokaci kamar tina, wani lokaci kamar fitsarin kyanwa mai hawa kai, yana sa idanu ƙaiƙayi. Tagogi a toshe da baƙar leda ko kwali, amma fankar zuƙe iska tana aiki tsakar dare. Janareta ba ya hutawa. Shuɗayen duro suna shiga da daddare, shara ba ta fitowa da rana. Ciyawar bayan katanga inda ake zubar da ruwa ta ƙone, lambatu ya sauya launi, ƙarfen taga da makullai sun yi tsatsa cikin 'yan watanni saboda tururin asid. Kowane kilo guda na metamfetamin yana barin dattin guba kilo biyar zuwa shida, kuma ba inda yake zuwa sai sokawe da ƙasa. A unguwar da ake shan ruwan rijiya, wannan ya shafi kowa. Ko ɗaya daga cikin alamun nan ba hujja ba ce ita kaɗai, mai yin sabulun ruwa ma yana da duro da wari, shi ya sa ba aikin 'yan unguwa ba ne su yanke hukunci.

Idan zargi ya yi ƙarfi, kada ya shiga, kada ya tara matasa ko 'yan sintiri su fasa ƙofa. Tururin asiton da na ether yana kama wuta da tartsatsin makunnin lantarki, balle ashana, kuma shaƙar abin da ke cikin rufaffen ɗaki tana iya kayar da mutum nan take. Kada kuma ya kira ɗan hayar ya ce ya kwashe kayansa ya tafi a rufa asiri. Wannan kiran shi ke mayar da mai gida marar laifi wanda ya sani ya kuma taimaka aka ɓoye. Ya rubuta takarda zuwa ofishin NDLEA, ya faɗi abin da ya gani da ranar da ya gani, ya sa a buga wa kofinsa hatimin karɓa ya adana. Bayan an kwashe kayan ma, gidan ba ya zaunuwa da shafa sabon fenti. Gubar tana shiga filasta da silin da katako, sai an kankare an sauya, an kwashe sokawe, an gwada ruwan rijiya.

Idan kuma an riga an zo kama mutum, jami'an NDLEA suna da ikon shiga su bincika ba tare da sammacin kotu ba idan suna da dalilin zargi, don haka gardama a bakin ƙofa ba ta da amfani. Abin da yake haƙƙinsa shi ne a rubuta jerin duk abin da aka ɗauka a gabansa, ya yi shiru har lauyansa ya zo, kuma kada ya sa hannu a bayanin da aka rubuta da Turancin da bai fahimta ba sai an fassara masa. Tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya inda akwai kotu kusa, ko kwana biyu, kuma dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama ɗa ko mata a madadin wanda ake nema.

Baƙon nan naka kuwa, idan ya dawo, ba sai ka zarge shi da komai ba. Ka ce masa ƙa'idar shago ce: katin shaida, takardar oda daga kamfaninsa, biya ta banki, kuma motarka ce za ta kai kayan har masana'antar. Idan na gaske ne zai kawo su gobe. Idan ya juya bai dawo ba, ka rubuta ranar da abin da ya nema da lambar motarsa a bayan littafin, ka sanar da hukuma, ka kuma gaya wa 'yan'uwanka masu sayar da sinadarai a Sabon Gari da Samaru, domin daga shagonka na gaba zai nufa.